Mesar da ta ƙi cin abinci

Duk inda masu kiwon macizai na Amurka da Turai suka haɗu, ko a kasuwar baje koli ko a ɗakin jiran likitan dabbobi, akwai wani kuka da aka fi shekara arba'in ana maimaita shi: macijina ya ƙi cin abinci. Galibi kuma maciji ɗaya ake nufi, wata 'yar ƙaramar mesa mai launin baƙi da ruwan ƙasa, wadda da wuya tsawonta ya zarce mita ɗaya da rabi. Ba ta da dafi. Idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta naɗe jikinta kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya, ta yi lamo. Daga wannan ɗabi'a Amurkawa suka raɗa mata suna, suna ce mata mesar ƙwallo. Turawan Ingila sun fi kiranta mesar sarauta, saboda sunan kimiyyarta, Python regius, wanda ya samo asali daga bayanin da masanin dabbobi George Shaw ya yi a kanta a 1802.

Ga Bahaushe, wanda labarin kafuwar ƙasarsa ya fara da sare kan maciji a rijiyar Kusugu, ajiye mesa a ɗakin kwana abin a jinjina kai ne. Amma wannan dabba da ta cika gidajen Florida da Jamus 'yar nan ce. Mazauninta ya miƙa daga Senegal, ya ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Kamaru da Chadi, har Sudan da Uganda. Tana kwana a ramukan ɓeraye da tsofaffin surai, tana fita farauta da dare a gefen gonaki. Tarihin yadda ta zama dabbar gida a ƙetare ya ginu ne a kan halayenta guda biyu, ƙin abinci da dunƙulewa, kuma dukkansu an daɗe ana yi musu fassarar da ta fi dacewa da ɗan kasuwa fiye da macijin.

Tun kafin wani Bature ya sa ta a akwati, mutanen gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna zaune da ita, sai dai a kan wata ƙa'ida dabam. A masarautar Wida, a kudancin Benin ta yau, ita ce Dangbe, abin bautar gari. Willem Bosman, ma'aikacin kamfanin cinikin Holan wanda littafinsa ya fito a 1704, ya ba da labarin yadda wani alade ya cinye ɗaya daga cikin macizan, sarki ya ba da umarnin a karkashe aladun ƙasar. Dahome ta ci Wida da yaƙi a 1727, amma bautar ba ta mutu ba, kuma har yau ɗakin macizan yana nan, yana fuskantar babban cocin Katolika na garin. A ƙasar Ibo, musamman yankin Idemili, sunanta eke. Tana shiga gida ta fita ba mai taɓa ta da mugunta, wanda kuwa ya kashe ta bisa kuskure sai ya yi mata jana'iza. A littafin Chinua Achebe, Arrow of God, na 1964, babban abin kunyar da ya girgiza gari shi ne ɗan babban limamin gargajiya, wanda ya shiga addinin Kirista, ya kulle wannan mesa a cikin akwati. A wancan zama na gargajiya ba mai ciyar da ita bisa jadawali. Tana cin ɓerayen rumbu lokacin da ta ga dama, ta bari lokacin da ta ga dama, ba wanda ya taɓa ƙirga mata kwanaki balle ya ce ta yi yaji.

Ƙirgen ya fara ne da jirgin sama. A 1975 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara aiki, kuma wannan mesa tana rukuninta na biyu, wato a sayar amma da izini. Daga wancan lokaci zuwa yau, takardun yarjejeniyar sun nuna an fitar da sama da miliyan uku da ransu daga Afirka ta Yamma, kusan duka daga Togo da Benin da Ghana, kuma Amurka ce babbar mai saye.

Waɗanda aka fara fitarwa manya ne da aka tono daga rami. A zuba su a buhu, su yi kwanaki a ɗakin ajiyar dillali a Lome ko Kwatano ko Accra, su yi tafiyar jirgi, su sake zama a wurin dillalin Amurka, sannan su isa kantin dabbobi jikinsu duk kaska, cikinsu da tsutsa, ga ƙishirwa. Mai saye ya kai gida, ya sa a akwatin gilashi irin na kifi, fili fetal babu maɓoya, ga fitila a sama, yara suna leƙe. Sai ya jefa mata farin ɓera irin na ɗakin gwaje-gwaje, wanda ba ta taɓa jin warin irinsa ba. Ta ƙi ci. Wata uku, wata shida, wani lokaci shekara. Da yake araha gare ta, in ta mutu sai a sayo wata. A shekarun 1980 sunan da ta yi ke nan: maciji mai sauƙin kai a hannu, mai taurin kai a wajen ci.

Dabarun da masu kiwo suka ƙirƙiro a wancan zamani suna da ban tausayi da ban dariya a lokaci guda. Wasu suka gano cewa idan aka kawo mata ɗan ɓeran jeji mai launin ƙasa, irin wanda ake sayarwa yara a matsayin dabbar wasa, takan kama, sai dai in ta saba da shi ba ta ƙara kallon wani. Wasu sukan goga farin ɓera a shimfiɗar na jejin don ya ɗauki warinsa. Wasu sukan fasa kan mataccen ɓera don ƙamshin ya tashi, wasu su kulle ta da abincin a jakar takarda su kashe fitila har safe. In duk an gaza sai ɗura, a buɗe baki a tura, abin da kan ƙara mata firgici ya tsawaita yajin. An ɗauki lokaci kafin littattafan kiwo su fara faɗin abin da yanzu kowa ya sani, cewa yawancin ƙin cin ba daga ɓeran yake ba. Daga wurin zaman yake: babu maɓoya mai matse jiki, babu ɓangare mai ɗumin da ya kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin salshiyos, babu isasshen laima a iska, ga yawan ɗauka.

Akwai kuma wani kaso na ƙin cin da ba cuta ba ne sam. A gida, rayuwarta tana bin rani da damina. Barbara tana zuwa bayan ɗaukewar ruwa, a lokacin maza kan rage ci ko su bari gaba ɗaya. Mace takan yi ƙwai, galibi tsakanin uku zuwa goma sha ɗaya, wajen ƙarshen rani, ta naɗe su da jikinta kusan wata biyu ba ta cin komai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe daidai faɗuwar damina lokacin da ƙananan ɓeraye suka yawaita. Namijin da ya bar ci daga Nuwamba zuwa Maris a wani gida a Ohio, alhali nauyinsa bai ragu sosai ba, ba yaji yake yi ba. Jikinsa ne ke bin lokacin da ya gada.

Wannan sanin lokacin ƙwai shi ya sauya fasalin cinikin a Afirka. Maimakon manya, sai dillalai suka koma neman 'ya'ya, domin jaririn da bai taɓa farauta a daji ba ya fi saurin karɓar farin ɓera. Mafarauta, waɗanda yawancinsu manoma ne masu neman abin rage rani, sukan fita tono mata masu ciki da ƙwayaye, su kai gonakin macizai, a ƙyanƙyashe, a fitar da jarirai. Ƙa'ida ta ce a mayar da iyayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. Togo kaɗai ta daɗe tana tsayar da adadin 62,500 a shekara ta wannan hanya. Matsalar ci ta ragu a kantunan Amurka, amma nauyin ya koma kan mata masu kwanci, wato daidai ɓangaren da jinsin ya dogara da shi.

Sai shekarar 1992 ta zo. Wani mai kiwo a Oklahoma, Bob Clark, ya samu zabiyar mesa da aka kamo daga Afirka, fara mai ɗigon rawaya da jajayen idanu, ya yi nasarar haifar da zabiyoyi daga zuriyarta. Wannan ya tabbatar cewa launin gado ne, ana iya maimaita shi, ana iya sayar da shi. A 1997 Peter Kahl ya yi haka da mai dabbare-dabbaren fari. A 1999 Kevin McCurley ya fito da wadda zanen bayanta ya yi kama da saƙar gizo-gizo. Macijin da ake sayarwa kuɗi kaɗan ya zama kadara, ana biyan dubban daloli, wani lokaci dubun-dubata, a kan jariri ɗaya mai sabon launi. A Togo da Ghana dillalai suka koyi duba kowane buhu da idon basira, ko za a dace da mai wani zane na dabam. Yau ana lissafin haɗe-haɗen launukan da dubbai.

Daga nan ciyarwa ta zama lissafin jari. Farashin sabon launi yana faɗuwa kowace shekara yayin da masu shi ke ƙaruwa, saboda haka wanda ya riga kai macensa girman haihuwa shi ke cin kasuwa. Ma'aunin da aka saba ji a bakin masu kiwo shi ne giram 1,500. Don a kai wannan nauyi da wuri, wasu suka riƙa ba da abinci duk bayan kwana huɗu ko biyar, da ɓeraye mafi girma da za su iya wucewa ta baki. Dabbar da aka halitta don ta ci ta jira aka mayar da ita kamar ragon layya. Likitocin dabbobi sun ga sakamakon a teburin fiɗa: kitse ya lulluɓe kayan ciki, hanta ta lalace. Shawarar da aka fi bayarwa yanzu ta fi sassauci, jariri ya ci sau ɗaya a kwana biyar zuwa bakwai, babba kuwa sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, kuma kaurin ɓeran kada ya wuce wuri mafi kauri a jikin macijin.

Mutumin da ke da macizai ɗari biyar ba zai iya yi wa kowanne ɗaki ba. Sai aka ƙirƙiro kanta mai jerin akwatunan roba, kowanne ana jawo shi kamar aljihun tebur, da igiyar ɗumi a ƙarƙashi, da kwanon ruwa, da takarda a shimfiɗe. Babu haske, babu reshe, sau da yawa babu tsawon da macijin zai miƙe jikinsa gaba ɗaya. Gaskiyar da ba a iya musantawa ita ce a cikin waɗannan akwatuna mesar ta ci abinci, ta kuma hayayyafa, fiye da yadda ta taɓa yi a akwatin gilashi. Masu kiwo suka ɗauki wannan hujja suka gina bayani a kai: ai dama a daji cikin rami take rayuwa, ba ta motsi, ba ta hawa, akwatin roba suri ne na zamani.

Bayanin yana da daɗin ji, amma tun 1998 akwai shaidar da ta saɓa masa, kuma daga Najeriya ta fito. Wasu masana biyu 'yan Italiya, Luca Luiselli da Francesco Angelici, sun bincika abin da ke cikin irin wannan mesa a dazuzzukan kudu maso gabashin ƙasar. Suka tarar cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na abincin maza tsuntsaye ne, mata kuwa sun fi cin ɓeraye da danginsu, kuma maza sun fi hawa bishiya. Dabbar da ke cin tsuntsu a kan reshe ba za a ce ba ta barin rami ba. Mafarauci yana samun ta a rami ne saboda da rana yake fita, lokacin da take barci. A 2021 masu bincike a Munich suka gwada macizai iri ɗaya a akwatin roba, sannan a babban keji mai rassa da maɓoya da wurin shan ɗumi da kwamin wanka. A kejin sun hau, sun yi wanka, sun sha ɗumi, sun yi yawo. A akwatin an fi ganin su suna tura baki a bango da ramukan iska, alamar neman mafita. Kuskuren tsohuwar muhawara shi ne ta kwatanta akwatin roba da akwatin gilashi tsirara, biyun kuwa duk ba su yi kama da gonar rogo ta Togo ba. Cin abinci da yin ƙwai ma'auni ne na gaske, sai dai su ne ma'aunin da mai sayarwa ya fi buƙata.

Shi kansa ɓeran yana da nasa tarihi. Da farko da rai ake jefa shi, har aka yi ta ganin abin da ɓera mai jin yunwa ke yi wa macijin da ba ya sha'awar ci idan an bar su tare dare guda: yakan gaigaye bayansa har ƙashi, mesar kuwa ta dunƙule kawai. Wannan, da kuma dokokin jin ƙan dabbobi irin ta Birtaniya ta 2006, suka tura mutane ga daskararren ɓera. Masana'anta guda ta tashi, ana kiwon ɓeraye da miliyoyi, a kashe, a daskarar, a aika gida-gida cikin kwali. Mai kiwo ya narkar, ya ɗumama a ruwan zafi ko da na'urar busar da gashi, ya riƙe da dogon hantsaki yana kaɗawa. Ɗumamawar dole ce, domin mesar tana da wasu ƙananan ramuka a leɓenta na sama da take jin zafin jikin abin farauta da su ko a cikin duhu, kuma ɓera mai sanyi a wurinta kamar babu shi ne. Wannan hanya ma ta zo da nata haɗari. A 2010 da 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta danganta ɓarkewar cutar salmonela a tsakanin mutane da daskararrun ɓerayen da ake ajiyewa a firji ɗaya da abincin gida.

Wani abin lura ga mai karatu a Najeriya shi ne ɓeran da masu kiwo suka gano mesa mai yaji ta fi so. Suna kiransa ɓeran Afirka mai laushin gashi, suna kiwonsa a keji, suna sayar da shi da tsada fiye da fari. Shi ne Mastomys, ɓera mai yawan nonuwa, dangin wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Waɗanda ake kiwo a ƙetare zuriyar keji ce ta shekaru da dama. Bayan duk dabarun goge-goge da fasa kai, abin da ya fi aiki shi ne a kawo mata abincin gidansu.

Batun ɗauka a hannu yana da alaƙa da ci fiye da yadda sabon mai kiwo ke zato. A shekarun 1990 Stephen Secor da Jared Diamond, a jami'ar California da ke Los Angeles, sun auna abin da ke faruwa a cikin babbar mesar Burma bayan ta haɗiye abinci. Tsakanin ci da ci kayan cikinta kusan a kashe suke. Da abinci ya shiga, tumbi ya fara zubo ruwa mai tsananin tsami, hanji ya kumbura ya kusan ninka nauyinsa cikin kwana biyu, buƙatar iskar numfashi ta ninka har wajen sau arba'in idan abincin ya yi girma ƙwarai. Ƙaramar mesa ma haka tsarinta yake, ko da ba ta kai wannan matsayi ba. A wannan hali tana da nauyi, ba ta iya gudu, kuma in ta ji barazana hanyar tsirarta ita ce ta amayar da abin da ta ci. Aman yana ƙona maƙogwaro, yana kuma bukatar makonni kafin a sake ba ta wani abu. Daga nan aka samo dokar da ke cikin kowane littafin kiwo, kada a taɓa ta sai bayan awa 48 da ci. Haka kuma lokacin saɓa, sa'ad da idanunta suka yi hazo ba ta gani sosai.

Duk da haka an shafe shekaru ana koyar da wata al'ada da ta ci karo da wannan kai tsaye. An ce a riƙa fitar da ita zuwa wani akwati dabam a ciyar da ita a can, wai don kada ta haɗa buɗe ƙofa da abinci ta ciji hannu. Ma'anar haka ita ce a ɗauke ta kafin ci, lokacin da ɗauka ke kashe mata sha'awa, a kuma sake ɗaukar ta da ɓera a ciki. Yawancin ƙwararru sun bar wannan. Suna ciyarwa a inda take zaune, in kuma ɗauka za su yi sai su fara shafa ta da sanda mai lanƙwasa, ta gane yau ba ranar ci ba ce. Cizon da ake tsoro ma galibi kuskure ne na hannun da ke warin ɓera.

Dunƙulewar ita ce ta fi shan mummunar fassara. Ita ta sayar da wannan maciji ga iyaye: ga shi yaro ya riƙe, bai motsa ba, bai sara ba, lallai mai haƙuri ne. Amma maciji ba shi da fatar ido da zai runtse, ba shi da murya, fuskarsa ba ta sauyawa. Kasa tana huci, kumurci yana fasa kai, ita kuwa wannan abin da take da shi kawai shi ne ta ɓoye kanta, wurin da ya fi rauni a jikinta, ta jira abin tsoron ya wuce. Mesar da ta natsu a hannu ba ta dunƙulewa. Takan saki jiki, ta riƙa zaro harshe a hankali, ta bi hannu tana bincike. Sanin wannan bambanci ne ya haifar da salon da wasu masu kiwo suka runguma a 'yan shekarun nan, wanda suka aro daga gidajen namun daji: a buɗe ƙofa a bar ta ta fito da kanta in ta so, a koya mata bin wata alama mai launi kafin a ba ta abinci. Tana koyo, a hankali, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe tsohon zancen cewa ba ta san komai ba sai ci da barci.

Cinikin launi ya bar wani tabo da ake gani daidai lokacin ci. Mai zanen gizo-gizo, wadda ta yi tashe ƙwarai saboda kyanta, tana ɗauke da wata larura da ke tafe da ƙwayar gadon launin. Kanta yakan yi rawa, takan karkace, wani lokaci ta kife, kuma abin ya fi tsananta idan ta zaƙu, har takan kai wa ɓera cafka ta kuskure. A 2018 wata babbar ƙungiyar masu kiwo ta Birtaniya ta hana sayar da ita a kasuwanninta, a 2022 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa kunnenta na ciki, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ba a ƙere yake daidai ba. A wurare da yawa har yanzu ana kiwonta, masu yi suna cewa ai tana ci tana haihuwa.

A can inda aka fara, masu binciken da suka zauna da mafarautan kudancin Togo sun ji daga bakin da yawansu cewa macijin ya yi ƙaranci idan aka kwatanta da shekarun baya, sai an yi tafiya mai nisa, wani lokaci an tsallaka iyaka zuwa Ghana ko Benin. A 2021 ƙungiyar IUCN ta matsar da ita zuwa jerin dabbobin da ke dab da shiga haɗari. Kiwo a Amurka bai tsayar da jigilar ba, domin jaririn Afirka ya fi araha, kuma kowa yana fatan sabon launi na gaba daga rami zai fito.

Wanda ya sayi jariri yau yana ɗaukar alkawarin shekara ashirin zuwa talatin, wani lokaci fiye. A gidan namun daji na St. Louis akwai wata mace da wani mai kiwo ya kawo a 1961, shekara goma sha huɗu kafin CITES, shekara talatin da ɗaya kafin zabiyar Oklahoma. A watan Yulin 2020, tana da kimanin shekara 62, kuma ta fi shekara goma sha biyar ba ta haɗu da namiji ba, ma'aikata suka tarar da ita ta naɗe ƙwai bakwai.